Inabin da Ya Shigo Madina Ba Biza

'Yata ba ta cin abinci. Da wannan zan fara, don in ban faɗa ba, duk wanda ya ji abin da na yi a kan bishiya zai ɗauka taɓin hankali gare ni.

Na yaye ta tana da wata goma sha takwas, tun daga ranar ta rufe baki kamar an sa masa kwaɗo. Kunu ta ƙi. Madarar gwangwani ta ƙi. Shinkafa ta tofar, ayaba ta murtsuke ta shafa a gashi. Tsaranta suna gudu, ita ko tafiya ba ta fara ba, ƙafafun kamar tsinken tsire. Duk wata in na kai ta awo a mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikaciyar ta ɗora ta a sikeli, ta dubi lamba, ta dube ni, sannan ta ɗiga ɗigo a kati. A aji huɗu karatuna ya tsaya, amma na san ɗigon da ke hawa da wanda ke kwance. Namu a shimfiɗe yake kamar titin Makka.

Muna zaune a Harra ta Yamma, gidan wata Hajiya. Ni ke aikin gida, mijina ke tuƙa ta, ɗakinmu yana bayan tsakar gida kusa da tankin ruwa. Mu mutanen wani ƙauye ne a yankin Maraɗi, da iƙama muke zaune, takardar da ake sabuntawa duk shekara. Hajiya ma Bahaushiya ce, sai dai kakanta ne ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Ita 'yar ƙasa ce, Hausarta rabi Larabci, kuma abin da ta fi ƙi a duniya shi ne wani ya dubi fatarta ya tambaye ta asalinta. Sai ta ce asalinta Madina, ta juya baya, ta yini tana huci.

A tsakar gidan akwai kuringar inabi biyu, sun hau rumfar ƙarfe sun sarƙe da juna. 'Ya'yansu ƙanana ne, baƙaƙe, cike da ƙwallaye, ba irin inabin kanti mai ƙiba ba. Ɗaya tana saurin nuna, fatarta da laushi. Ɗayar sai ta ja mako uku a baya, fatarta da kauri, tana barin bauri a harshe.

Wata safiya ina shanya, na ajiye yarinyar a inuwar rumfa. Da na waiwayo sai na ga bakinta yana motsi. Na zubar da kayan, na zura yatsa a bakin, don a zatona dutse ne ko maɓalli. Inabi ne da ya faɗo, ta riga ta haɗiye, tana laluben wani. Na tsinko guda, na fasa da farce, na cire ƙwallayen, na miƙa mata, ta karɓa. Ta ci goma sha ɗaya. Na ƙirga, don ban taɓa ganin abu goma sha ɗaya ya shiga cikin yarinyar nan a zama guda ba. Na je kanti na sayo inabi mai tsada, kore da ja, ta jefar. Na mai saurin nunan nan kaɗai take so. Daga ranar ni ke ba kuringar ruwa, ni ke korar tsuntsaye, in yaron maƙwabta ya miƙa hannu ta katanga sai ya ji muryar da bai san ina da ita ba.

Hajiya ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai dole ta ci, inabin Madina ne, albarka ce ke kiranta.

Labarin albarkar nan a gabana ya girma. Shekarar da muka zo, in baƙi suka tambaya, Hajiya kan ce daga wani lambu aka kawo dashen. Shekara ta biyu lambun ya koma kusa da Ƙuba. Ta uku ya samu mai shi, wani tsoho mai farin gemu da ya rasu. Wadda ta ƙarasa ginin ita ce ƙanwar Hajiya, da muke kira Gwaggo, mai rumfar tsaraba a Uhudu, inda maziyarta ke sayen dabino da carbi da turare. Ita ke kwashe rabin inabin ta shanya ya zama zabibi, ta ƙulla a 'yan ledoji. A bakinta, irin ya samo asali tun daga lambunan mutanen farko, kuma ba ya fita a ko'ina sai a ƙasar Madina, kamar dabinon ajwa. Alhazanmu kuwa in ka ce musu abu na Madina ne, ko tsakuwa ce sai sun nemi ta biyu saboda surukai.

Ni dai na gaskata. Me zai hana? Ɗigon kati ya ɗan ɗaga kai a watan nan.

A tsakiyar zafi ɗan Hajiya ya dawo hutu. Injiniya muke ce masa, ya yi shekaru yana karatu da aiki a Faransa. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, sai in zai yi tsokana. Ranar Juma'a aka shimfiɗa abincin rana a ƙarƙashin rumfa, da Hajiya da Gwaggo da shi. Ina kai da kawowa, yarinyata tana zaune gefen tabarma da 'yar tasarta. Ya ɗaga kai ya dubi gungunan inabi suna reto, ya yi dariya, ya ce bai taɓa zaton sandunansa za su rayu ba.

Gwaggo ta ce waɗanne sanduna.

Ya ce waɗanda ya kawo shekara shida da suka wuce, a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida a ƙasan akwati, ya soka su inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga. Uku ne, ɗaya ta mutu. Ya ce ya gaya wa mahaifiyarsa a lokacin, tana waya, ta ɗaga masa hannu. Ya ƙara da Hausa, yana dariya, wai ba biza suka shigo.

Da ya tsaya nan da an shafe maganar, a ce tsohon Ƙuba ya taɓa zuwa Faransa. Amma mai ilimi in ya samu masu saurare bai san birki ba. Ya ciro waya yana nuna hotuna. Ya ce akwai wani yanki can, Bordo, inda inabi ke da doka kamar mutum. An shata iyaka, gonar nan ciki, gonar can waje, ko da 'yar hanya ce ta raba su. Abin da aka matse daga inabin cikin iyaka shi kaɗai ke da ikon ɗaukar sunan yankin. Na tsallaken hanya, ko irinsu ɗaya, ko rana ɗaya ta dafa su, ba shi da wannan iko, sai ya nemi wani suna. Kuma ba kowane iri aka yarda a shuka ba, 'yan ƙalilan ne aka rubuta. Ya nuna mai saurin nuna ya ce sunanta Marlo. Ya nuna mai bauri ya ce Kabarne. Ya ce a can haɗa su ake yi, ɗaya ta ba da laushi, ɗaya ta ba da ƙarfi, kuma masana suna sansana kofi su faɗi gonar da abu ya fito.

Hajiya tana ta gyaɗa kai, don maganar iyaka da suna ta yi mata daɗi, irin ta ajwa ce. Ta tambaye shi da fara'a, ruwan inabi ke nan suke yi da shi, na sha?

Injiniya ya dubi wayarsa. Ya dubi rumfa. Ya ce, "Ya'ani, da farko dai ruwan inabi ne."

"Daga baya fa?" in ji Gwaggo.

Ya sunkuyar da kai, kowa ya gane giya ake nufi. Gwaggo tana da inabi a baki, ta juya ta tofar a hannu, ta rasa inda za ta ajiye, ta riƙe. Injiniya ya shiga rantsuwa cewa shi bai taɓa ɗanɗana jar giyar ba, yawon buɗe ido suka je da 'yan ajinsu da sanyi, ya tarar ana sassabe rassa, ya tsinci uku a ƙasa. Ba wanda ya saurare shi.

A daidai wannan lokaci 'yata, bakinta jawur da ruwan Marlo, ta dafa ƙarfen rumfa ta miƙe. Ta saki. Ta yi taku ɗaya ta karkata hagu, ta yi na biyu ta karkata dama, na uku ta zube da zaune tana ƙyaƙyata dariya ita kaɗai. Na taɓa ganin irin tafiyar nan sau ɗaya, a tashar Maraɗi, wajen wani mutum da yara ke bi suna jifa. Na sungume ta na ruga ɗaki, na sansana bakinta, na wanke shi da ruwan zamzam har sau uku. Mijina ya shigo ya tarar ina kuka ina cewa na shayar da 'yarsa abin da Allah ya haramta, wata guda cur, da hannuna nake cire mata ƙwallaye. Ya tambayi abin da ta yi, na kwatanta masa. Ya zauna bakin gado ya ce, "Baiwar Allah, tafiya ta fara." Wata nawa ina roƙon ranar nan, ta zo na tarbe ta da wankin baki.

Da na fito kwashe kwanuka, Gwaggo tana lissafin inda zabibinta ya tafi. Kano, Damagaram, Sakkwato, har Kumasi. Wata ta saya wa 'yarta mai ciki. Wani alhaji ya kwashi leda goma saboda ɗansa mai hadda, don an ce zabibi yana kaifafa ƙwaƙwalwa. Tana faɗa tana dafe ƙirji, tana kallon Injiniya kamar shi ya ƙirƙiro tsohon Ƙuba. Can sai mijina ya gifta ta gaban Hajiya. Ta kira shi ta ce gobe da safe ya nemo zarto, ba ta son ta sake ganin ko ganye.

Shekara uku a gidan ban taɓa sa baki a maganarsu ba. Amma na tuna katin awo, na tuna inabin kanti da aka jefar. Na durƙusa da tire a hannu na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ai ba a sare itacen Madina."

Wannan ɗaya ne daga cikin 'yan abubuwan da na riƙe daga Islamiyyar ƙauyenmu. Malamarmu, wadda ba ta taɓa wuce Maraɗi ba, ta koya mana cewa Madina harami ce tsakanin harra biyu, wato filayen baƙin dutsen nan masu kama da ƙonannen gawayi, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, kuma abin da ke tsakaninsu ba a sare itacensa. To gidan Hajiya a kan harrar yamma yake zaune. Ciki yake ko waje?

Shekara arba'in Hajiya tana gaya wa duk wanda ya zo cewa gidanta cikin harami yake, wanda ya kwana a ɗakin baƙinta a harami ya kwana. Ta sha yi wa wata ƙawarta da ta koma sabuwar unguwa gori a kan haka. Yanzu in za a sare kuringa sai gidan ya fita. Gwaggo ta yi saurin nemo mafita, ta ce wataƙila iyakar ta ratsa ta tsakiyar gidan ne, falo da ɗakuna suna ciki, tsakar gida da ɗakin direba suna waje. Ta ma nuna wani tsagin siminti ta ce ga alama nan. Injiniya ya ce wallahi haka suke yi a Bordo, har kotu ake zuwa a kan taku goma. Uwarsa ta ce in ya sake ambaton sunan garin nan a gidanta ya koma can ya ci abincin dare.

Bayan la'asar aka tura Injiniya da mijina wajen limamin unguwa. Suka dawo da amsa mai kai uku. Gidan cikin harami yake, Hajiya ta yi hamdala. Inabi halal ne, ko daga ina aka kawo shi, laifin yana kan mai matsewa ya ajiye ya zama giya, ni ma na yi hamdala, na sumbaci bakin da na wanke. Amma hanin sarewa a kan itacen da ya fito da kansa ne, wanda mutum ya dasa da hannunsa yana iya sarewa. Wato a ci babu laifi, a sare babu laifi. Mijina ya ce liman ya ƙara da cewa in da saura a aika masa gungu ɗaya ya ga abin da ake magana a kai.

Na zaci an gama. Ashe ba haram Hajiya ke tsoro ba, bakin mata take tsoro. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, har an fara ce wa gidan gidan Faransa. Gwaggo ta ce ko halal ne asali asali ne, komai daɗewar gungume a ruwa ba ya zama kada. Na ga fuskar Hajiya ta canja da jin karin maganar nan, kamar ta taɓa jin irinta daga wani bakin a kan wani abin da ba bishiya ba. Sannan ta ce za a sare.

Daga nan na koma roƙon kwana, kamar mai neman a ƙara masa wa'adin iƙama. Na ce Hajiya, ga abinci a jikinta, a sare itace da 'ya'ya ai almubazzaranci ne, a bari a gama cirewa. Ta yarda. Ban taɓa ganin amfanin taurin kan Kabarne ba sai a shekarar, ta ƙi nuna, ta saya mana mako uku. Gwaggo ta ce ko ƙwaya ba za ta sake taɓawa ba, don haka duk Marlo ta zama tawa. Abin da yarinya ba ta ci ba na hau da shi rufin gida, na fasa ɗaya bayan ɗaya na cire ƙwallaye, na shanya a faranti na rufe da gidan sauro. Rana a Madina ba ta wasa, kwana kaɗan ya zama zabibi. Gwangwanin madara biyu na cika.

Da 'ya'ya suka ƙare na koma kan ganye. Hajiya tana mutuwar son ganyen inabi da ake naɗe shinkafa da nama a ciki, kuma ta sha faɗa cewa na kwalba ɗanɗanon gishiri kawai yake yi. Na shiga dafa mata duk Alhamis. Takan ci ta ce mako mai zuwa dai a sare, in ce to, Hajiya. Ba ta taɓa tambaya ko ganye ma ɗan Faransa ne ba, ni kuma ban tuna mata ba.

Kafin Injiniya ya koma, na tare shi a bakin mota na ce ya sake nuna mini hoton nan mai motsi na masu sassabe. Ya yi mamaki, ya nuna. Mutane ne cikin manyan riguna, baki yana hayaƙi don sanyi, suna bin kuringa da almakashi. Ba su bar mata komai ba sai kututture da ɗan guntun reshe. Na ce kashe ta suke yi? Ya ce a'a, duk shekara haka ake mata, in ba a yi ba ma ba ta haihuwa da kyau. Ya nuna mini 'yan kumburin da ke jikin reshe, ya ce idanu ne, daga nan sabon toho ke fita, amma sai a reshen da ya fito a shekarar, tsohon itace ba ya ba da 'ya'ya da wuri. Na sa ya maimaita. Ya dube ni, ya dubi tagar uwarsa, ya ce da Hausa shi bai ga komai ba, bai ji komai ba.

Na je na duba gindin kuringa. A jikin Marlo, ƙasa da gwiwata, wani ɗan reshe ya fito, irin wanda da nake fizgewa in yar. Kabarne ma tana da nata. Na jawo tsohon bokitin wanki na kife a gabansu, na jingina tsintsiya da moda. Wata biyar bokitin nan bai motsa ba. A gidan da Hajiya ke ganin ƙura a saman firji, ban san yadda bokiti ya tsere mata ba.

Zabibi kuwa sai ƙasa yake yi a gwangwani. Na lissafa ba zai kai bazara ba. Don in ja shi, na fara binne shi a cikin shinkafa, ƙwaya biyar a ludayi guda, in ajiye mata. Sai ta sa yatsa tana tono. In ta samo, ƙwayoyin shinkafa sun manne a jiki, ta haɗa ta tura. Da farko tana tofar da shinkafar. Daga baya ta gaji da tacewa. Na rage zabibi zuwa uku, na ƙara romo. Ban gaya wa kowa ba, don ina tsoron baki, har nawa.

Sanyi ya shigo, ganye ya yi ja ya zube, hujjata ta ƙare. Wata Asabar Gwaggo ta zo da zarto sabo a leda, ta ajiye a gaban 'yar'uwarta. Hajiya ta kira mijina. A ɗaki na gaya masa inda zai yanka. Ya ce in rufa masa asiri, iƙamarmu a hannun matar nan take, shi ba zai yi wasa da abincinsa a kan itace ba. Na ce sarewa aka sa shi, kuma sarewa zai yi, ko kakansa bai taɓa sare itace daga cikin ƙasa ba. Ya ce in aka gane fa? Na ɗauko katin awo na buɗe masa. Ya daɗe yana kallo, shi da bai iya karatu ba ko kaɗan, sannan ya ɗauki zarto.

Hajiya da Gwaggo suna zaune a kujeru kamar masu kallon yankan layya. Ni na riƙe masa gindin, ƙafata tana danne bokiti. Ya yanka daidai saman inda na ɗora babban yatsa. Rassa suka zubo, rumfa ta koma ƙarfe tsirara, rana ta faɗo tsakar gida inda ba ta taɓa sauka ba. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, an tsarkake gida. Hajiya ta dubi kututturen biyu, ta dubi bokitin, ta dube ni, ta ce sanyi ya dame ta, ta shiga ciki. Da suka watse na ɗauko almakashin kicin na datse 'yan rassana, na bar wa kowanne ido biyu, yadda masu manyan riguna suka yi.

Wata biyu kututture yana tsaye kamar turken da akuyarsa ta mutu. Kullum da safe sai na ɗaga bokiti na leƙa. Na fara cewa ko Injiniya ya yi mini bayanin Faransa ne, a nan abin ba haka yake ba. Sai wata rana idanun suka kumbura, suka fashe, wani abu mai gashi-gashi ya leƙo. Cikin mako uku toho ya fi ƙarfin bokiti, ya ture tsintsiya, ya kama ƙarfen rumfa yana hawa.

Gwaggo ce ta fara gani. Ta tsaya da jakarta a hannu ta kira 'yar'uwarta, ta ce ga shi nan, ai ta faɗa, mugun iri ba ya mutuwa, wannan karon a tono har saiwa a zuba gishiri. Ina bakin famfo, hannuna cikin kumfa. Hajiya ta fito tana jan ƙafa, ta sunkuya, ta kama ganye ɗaya tsakanin yatsu, irin kamun mai duba laushinsa don tukunya.

"Wanda ya zo daga Faransa an sare shi, a gabanki," in ji ta. "Wannan a nan aka haife shi."

Gwaggo ta ce ai saiwar ɗaya ce.

"Ke saiwarki daga ina?" Hajiya ta miƙe tana dafa ƙugu. "Duk mai son sanin asalinsa ya zo ya tambaye ni."

Ta juyo ta ce mini in ɗauke bokitin nan haka nan, wata nawa tana kewaye shi kamar kabari.

Gwaggo ta yi fushi na kwana tara. A na goma ta dawo da sabon labari, wai akwai wata kuringa da ta zo daga ƙasar masu giya, aka sare ta, ta tuba, ƙasar Madina ta karɓe ta. Ta ce wannan ya ma fi na tsohon Ƙuba shiga zuciya, ta tambaya yaushe za a fara shanya. Hajiya ta ce bana babu rabon Uhudu, na yarinya ne.

Gungu uku Marlo ta yi a shekarar, Kabarne ko ɗaya, ta tsaya kan halinta. Na ɗinka wa kowane gungu 'yar jaka da tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye. Ranar da na farko ya yi baƙi sosai na wanke shi, na zauna a 'yar inuwar da ta fara dawowa, na fasa ƙwaya ɗaya na cire ƙwallaye, na kira 'yata. Ta zo a guje, don yanzu sai an kama ta ake sa mata takalmi. Ta karɓa ta sa a baki. Ta yamutsa fuska, ta tofar a kan zanena, ta goge harshe da bayan hannu. Ta ce ruz take so, wato shinkafa, da Larabcin da ta tsinta a bakin Hajiya.

Na sake gwadawa washegari, da jibi. Ko kallo bai ishe ta ba. A mustausaf ma'aikaciyar ta ɗiga ɗigonta can sama, ta tambaye ni me nake ba ta, na ce shinkafa, ta ce ai ta sha gaya mini.

Gungu ɗaya na aika wa liman, don ya daɗe yana jira. Ɗaya na kai wa Hajiya a faranti. Na ukun na zauna bayan tanki na cinye shi ni kaɗai har ƙwallayen, ina leƙen yarinyar kada shinkafa ta shaƙe ta.